Lambobin Mahaifin Murdo

"Dare ɗaya na ba shi, Fenella, kuma yau ne," in ji Kanar Marlow yana gyara ɗan laktayensa a gaban madubi, ko juyowa bai yi ya dubi 'yarsa ba. "Ya zo teburinmu ƙarfe shida da rabi cikin shigar da ta dace. In ya fita kunya zan saurare shi. In bai fita ba, kada in ƙara jin sunansa a gidana."

"Baba, mutum ne fa, ba doki za ka saya ba."

"Da doki ne ai da na san asalinsa."

Mahaifiyarta Cecily tana zaune a bakin gado tana fama da ɗan kunne. Ta yi ajiyar zuciya irin ta wadda aka daɗe ana cuta.

"Ke dai taurin kai zai kashe ki. Ga Piers nan, manjo guda a soja, tare kuka tashi, uwarsa ƙawata ce tun muna makaranta. Me ya rasa? Kika tsallake shi kika je har Oban kika kwaso mana mai gyaran injin kwalekwale. Ƙwarya ta bi ƙwarya, 'yar nan."

Fenella ta fice da sauri, don in ta buɗe baki kuka ne zai fito, ga shi awa guda ta ɓata tana kwalliya.

Shekara biyu ke nan ana wannan ja-in-ja. Sau uku Murdo Gillies, saurayin nata, yana tuƙo tsohuwar motarsa tun daga Oban har ƙofar gidansu, sau uku Kanar yana aikawa a ce masa ba ya nan, alhali ana jin tarinsa daga falo. Da Murdo ya ji iyayenta za su yi bikin cika shekara talatin da aure a jirgin ruwan shaƙatawa mai zuwa Norway, kuma har an gayyaci Piers, sai shi ma ya yanki tikiti. Ɗaki mara taga ya samu can ƙasa kusa da injin, ya hau a Southampton ba wanda ya gayyace shi. A cikin jirgi dai babu ƙofar gida da za a rufe masa.

Kwana uku Kanar yana wuce shi kamar bai san an halicce shi ba. Sai yau da safe ya gaji da kukan 'yarsa ya yanke wannan hukunci, kuma ba da ka ya zaɓi yau ɗin ba. Daren kwalliya ne, daren da maza ke shaƙe wuyansu da laktaye, mata su fito da gwala-gwalan da suka shekara a akwati, kowa ya zo cin abinci amma rabin ƙoshinsa kallon rigar maƙwabci ne. Wanda bai sa kwat ba, da murmushi ake tare shi a bakin ƙofa a nuna masa hanyar bene na sama inda kowa ke ɗibar wa kansa. Kanar ya tabbata a can Murdo zai ƙare.

Bene takwas Fenella ta sauka a ƙafa zuwa ɗakin Murdo, riƙe da gefen koriyar doguwar rigarta, don ba ta da haƙurin jiran lifta. Da ya buɗe mata ƙofa sai ta tsaya cak. Mutumin da ta saba gani da baƙin mai har gwiwar hannu, shi ne tsaye cikin baƙar kwat da farar shat, ya taje jan gashin nan nasa har ya kwanta.

"Kada ki yi dariya, Nella. Ji nake kamar ragon da aka ɗaure za a kai kasuwa."

"Ina ka samo ta?"

"Ta babana ce, da ita ya yi aure. Mama ta rage hannun."

"Ka zo da su?"

Nan take fara'arsa ta ɗauke. Ya daɗe tsaye kafin ya zaro wani ɗan gwangwani daga ƙasan jaka ya buɗe. Lambobin yabo uku ne a kwance cikin auduga, na mahaifinsa Sajan Gillies, wanda ya rasu a yaƙin Iraki Murdo yana ɗan shekara bakwai.

"Tun da aka kawo wa Mama su ban taɓa sawa ba. Ko ranar tunawa da 'yan mazan jiya a aljihu nake riƙe su."

"Baba ba ya ganin kowa da gashi sai soja. Bari ya ga ɗan waye kai."

"Da sunan babana zan nemi aure? Ni kaɗai ban isa ba?"

"Ka isa, na rantse ka isa! Amma ni na san Baba." Ta kama hannunsa da hannu biyu, idonta ya ciko. "Don Allah, Murdo. Dare ɗaya gare mu. In yau ta ɓaci ban san inda zan sa kaina ba."

Ba ya iya ganin hawayenta, wannan kuwa ta daɗe da sani. Ya miƙa mata gwangwanin.

"To. Amma ni ban san kan abin ba."

"Bar mini wannan. Tun ina 'yar shekara tara nake maƙala wa Baba nasa."

Ta san ƙa'idar kamar yadda ta san sunanta: wanda ya sami lamba da guminsa a ƙirjin hagu yake sawa, ɗan mamaci ko matarsa kuwa a dama. Sai dai wayarta na ta ruri, Mamanta ce, saura minti biyar. Tana tsaye tana fuskantarsa, a ranta tana cewa dama, dama, sai hannunta na dama ya tafi kai tsaye inda ya saba zuwa a ƙirjin mahaifinta, wato hagun Murdo. Ta jera su a miƙe, ta soke, ta shafa. Shi kuwa fuskarta yake kallo, bai dubi ƙirjinsa ba balle madubi.

"Ka ba ni minti biyar ka biyo ni," ta ce, ta sumbace shi a kumatu ta fita da gudu.

Babban ɗakin cin abinci ya cika maƙil, fitilu na ƙyalli, mai fiyano na ta aikinsa ba mai saurare. Teburinsu na mutum takwas ne, an haɗa su da wasu dattawa uku da ba su sani ba. Piers na gefenta cikin jar kwat ɗinsa ta soja, yana ba Mama labari tana dariyar da ta fi ƙarfin labarin.

Sai ga Murdo a bakin ƙofa. Fenella ta ga shugaban masu hidima ya dubi ƙirjinsa ya rusuna fiye da yadda yake wa kowa. Ta ga wani tsoho ya miƙe da kyar daga kujerarsa ya ba shi hannu yana jinjina masa, Murdo ya karɓa yana waige-waige, bai gane dalili ba. Daɗi ya kama ta har ta kusa tashi ta tare shi.

Da ya matso ya tsaya a gefen mahaifinta ne ta ga abin. Lambobinsa da na Kanar a gefe ɗaya suke. A hagu ta maƙala masa.

"Barka da yamma, yallaɓai. Barka da yamma, ranki ya daɗe."

Piers ne ya riga kowa. Ya ajiye kofinsa a hankali, murmushi har kunne.

"A'a! Ashe abokin aiki ne! Fenella, shi ne ba ki gaya mana ba? Wace bataliya, ɗan'uwa?"

"Ni ba soja ba ne."

"Ba soja ba?" Ya miƙa yatsa ya ɗan kaɗa lamba ɗaya. "To wannan ai ta Iraki ce. Shekararka nawa a lokacin, bakwai? Takwas? Lalle an yi jarumi. Da bindigar roba ka je ko da danƙon harbin tsuntsu?"

"Na mahaifina ne. A can ya rasu."

"Na mahaifinka ne," in ji Kanar, "ka sa su a hagu."

Bai ɗaga murya ba, amma irin muryar nan ce da ta shekara talatin tana tsayar da ƙarti a filin fareti. Teburan da ke kusa suka yi tsit, cokula suka tsaya a iska.

"Ka san abin da ake kiran mutumin da ya sa lambar wani a hagu? Ɓarawo. Yara goma sha ɗaya na raka kabari waɗanda suka sami wannan gefen da jininsu. Kai ka shigo da shi kana karɓar gaisuwar tsofaffi don ka burge ni?"

Murdo ya sunkuya ya dubi ƙirjinsa, fuskarsa ta yi jawur.

"Ban sani ba, yallaɓai."

"Ɗan soja bai sani ba! To wa ya maƙala maka su?"

Murdo ya ɗago ya dubi Fenella.

Ba zargi a idonsa, jira kawai yake. Kalma ɗaya ce, ni, ko yaron goye zai iya faɗinta. Ta buɗe baki. Sai ta ga idon mahaifinta, ta ga na Mama, ta ga kawunan mutane sun juyo daga kowane teburi, tsoron da ta tashi da shi tun tana rarrafe ya taso ya danne ta. Tsoro ne tsagwaronsa, babu wani suna mai daɗi da za a ba shi. Ta sauke idonta kan farantin da ke gabanta.

"Ni na maƙala, yallaɓai," in ji Murdo.

"Cire su. Nan, yanzu."

Bai taɓa lambobin ba. Kwat ɗin ya tuɓe gaba ɗaya, ya ninke ta a hankali lambobin na ciki, ya rungume ta a ƙirji. Kafin ya ce wani abu shugaban masu hidima ya iso gefensa yana magana ƙasa-ƙasa, shi kansa kunya ta kama shi.

"Ka yi haƙuri, yallaɓai. Yau ba a zama a ɗakin nan ba kwat."

"Na sani. Tafiya zan yi."

Haka ya ratsa tsakiyar mutum ɗari uku cikin farar shat, shi kaɗai. Tsohon nan da ya ba shi hannu ya kawar da kai da ya zo wucewa.

"Zanen aro ba ya rufe katara," in ji Piers yana warware adikon cin abincinsa.

"Sha miyarki, Fenella, mutane na kallonmu," in ji Mama.

Ta kuwa sha. Wannan ma sai an faɗa tunda haka aka yi. Ta zauna tana kai cokali baki, hawaye na ɗiga cikin kwanon, har aka zo aka kwashe. Sai da ta ga mai hidima ya ɗauke farantin da aka ajiye wa Murdo, ya janye kujerarsa kamar ba a taɓa sa ran kowa ba, sannan ta ture tata kujerar ta fita a guje.

Ba ya ɗakinsa. Ba ya bene na sama. A can bayan jirgi ta same shi, a fili, ya jingina da ƙarfen gefe yana kallon farin kumfar da jirgin ke bari a baya. Rana ba ta ko yi niyyar faɗuwa ba, tana nan saman duwatsu, amma iskar ruwa mai sanyi sai kaɗawa take. Ya riga ya cire lambobin, suna dunƙule a hannunsa.

"Murdo..."

"Koma ciki, za ki yi mura."

"Murdo, ka dube ni. Don girman Allah ka dube ni."

Ya juyo. Da ma faɗa ya yi da ta fi samun sauƙi. Idonsa ja, muryarsa kuwa a sanyaye.

"Na ƙirga, Nella. A raina na ƙirga har goma. Na ce kafin in kai biyar za ta yi magana. Da na kai bakwai na ce tsoro ne ya kama ta, bari ta haɗiye yawu. Da na kai goma sai na ji muryata."

"Kuskure ne! Hannuna ne ya..."

"Na san kuskure ne. Ban taɓa zaton kin yi da gangan ba. Kowa na kuskuren hagu da dama, ni nan na taɓa ɗaura farfelar inji a juye. Ba shi ya kashe ni ba."

Ta durƙushe a kan katakon jirgin, riga da kwalliya duk ba ta tasu take ba, ta kama ƙafar wandonsa tana kuka kamar ranta zai fita.

"Ka zage ni. Ka ce mini matsoraciya, ka ce duk abin da ka ga dama, na cancanta. Amma kada ka yi mini wannan sanyin, ba zan iya ɗauka ba."

"Gobe da safe jirgi zai tsaya a Bergen. A nan zan sauka."

"A'a! A'a, Murdo, in ka sauka na mutu. Zan bi ka, ko da rigar jikina zan bi ka."

"Ki bi ni ina? Teburi ɗaya kin kasa tsallakewa ki zo wurina, teku za ki tsallake?"

Maganar ta soke ta, shi ma da ya faɗa sai ya runtse ido. Ya sunkuya ya ɗago ta, don ba zai iya ganinta a ƙasa ba.

"Shekara biyu babanki na wulaƙanta ni, ban taɓa kai miki ƙara ba. Na ce uba ne, 'yarsa yake so. Amma yau ba ni aka taɓa ba. Mutum ɗari uku za su kwana da cewa Sajan Gillies ya bar ɓarawo a bayansa. Mama ta kwana biyu tana rage hannun kwat ɗin nan da tabarau biyu a hanci. In ta tambaye ni yaya aka yi, me zan ce mata?"

"Faɗa mini abin da zan yi. Ko mene ne."

"Ba ni zan faɗa miki ba."

"Zan je ɗakin Baba anjima in yi masa bayani, in mun kaɗaice zai saurare ni, na san..."

"A kaɗaice aka kira ni ɓarawo?"

Haƙoranta sai haɗuwa suke, ba ta san ko sanyi ne ko tsoro ba. Ta goge fuska da bayan hannu, baƙin kwallin idonta ya ɓata kumatunta.

"To zan koma. Yanzu. A gaban kowa."

Bai ce ta je ba, bai ce kada ta je ba. Kwat ɗin kawai ya warware ya yafa mata a kafaɗa, don ya ga tana karkarwa, kuma duk fushinsa bai kai ya bar ta cikin sanyi ba.

"Zan raka ki har ƙofa. Daga nan ba za su bar ni in wuce ba."

Lokacin da ta shiga an kawo kek ɗin bikin, masu hidima sun kewaye teburin suna tafi. Kanar na tsaye da kofi a hannu yana jawabi, Mama na share ƙwalla da gefen adiko.

"...shekara talatin, kuma Allah bai ba mu ɗa namiji ba. Amma duk sanda na dubi Piers..."

"Ni ce, Baba!"

Muryar ta fito da ƙarfin da ita kanta ta tsorata. Mai fiyano ya tsaya. Ga ta tsaye a tsakiyar ɗaki, gashi a hargitse, fuska duk kwalli, kwat ɗin namiji ta rufe mata rabin riga.

"Ni na maƙala masa lambobin. Ni na roƙe shi ya sa, ya ƙi, na yi ta kuka har ya yarda. Bai san hagu ba, bai san dama ba, ni ya amince wa. Mahaifinsa Sajan Gillies ne, ya mutu a bakin aiki, ɗansa kuwa bai taɓa satar ko allura ba. Ni ce na yi, kuma da ka tambaya na yi shiru na bar shi!"

"Fenella, kin haukace ne?" in ji Mama tana jan gefen rigarta. "Zauna, kina ba mu kunya!"

Fenella ba ta ko ji ta ba, mahaifinta take kallo. Ta shirya wa tsawa, ta shirya wa ya ce ƙarya take don ta wanke saurayinta. Ta tanadi rantsuwar da za ta yi masa.

Kanar ya ajiye kofinsa a kan teburi.

"Na sani."

"Ka... ka sani?"

"Tun da ya doso teburin nan. Zan kasa gane aikin hannun 'yata?" Ya matso kusa da ita, ya sassauta murya yadda teburinsu kaɗai zai ji. "Ba shi na yi wa tambayar ba, Fenella, ke na yi wa. Shekara biyu kina cika mini kunne ba za ki rayu ba sai da shi. Na ce to, bari in ga ko za ta iya faɗin kalma ɗaya saboda shi. Da kin faɗa a lokacin, da na miƙe na ba yaron nan haƙuri a gaban kowa, na ja masa kujera da hannuna."

"Baba..."

"Kin shanye miyarki tas. Ina kallonki." Ya gyara mata wuyan kwat ɗin a hankali, kamar yadda yake mata tana ƙarama in za ta makaranta. "Ba sonsa kike ba, 'yata, rigima da ni kike so. Ki bar ɗan mutane ya tafi ya sami wadda za ta tsaya masa. Zauna."

Ta lalubi abin da za ta mayar masa, ta bi maganarsa kalma-kalma tana neman inda ya yi ƙarya. A wuri ɗaya kawai ta samu, inda ya ce ba ta son Murdo, kuma ba ta da shaidar da za ta kafa ko ɗaya.

Ta waiga. A bayan gilashin ƙofa Murdo na tsaye cikin farar shat, shugaban masu hidima ya gitta hannu a gabansa. Ihunta ya kai masa, amma ko kalma ɗaya ta mahaifinta bai ji ba. Abu ɗaya yake iya gani daga can, ko za ta zauna, ko ba za ta zauna ba.

Piers ya miƙe cikin ladabi ya turo mata kujera. Bakin kujerar ya taɓa bayan gwiwoyinta, su kuwa gwiwoyin tun ɗazu suke neman inda za su sauke ta.